Kiɗa Don Buhun Sukari

Sun ce in zaɓa wa kowane zane kiɗansa,
ni da na baro gogena a Ummudurman
ƙarƙashin gado, cikin akwatinsa,
da niyyar dawowa bayan kwana uku.
Yau wata goma sha tara.

Tsohon siton gishiri ne a bakin tashar Bur Sudan.
Bango na gumi, ƙusa ta ƙi zama,
sai Ihlas ta ja igiya daga taga zuwa taga.
“Tunda zane ne,” in ji ta, “ai shanya shi ake yi.”

Na farko na Mudassir ne, mutumin Maiwurno.
A bayan buhun sukari ya yi shi,
da ruwan zoɓo, da tukar gahawa, da baƙin man mota.
Layin burodi ne, mutum goma sha ɗaya.
Na bakwai ba ya nan,
takalmansa ke riƙe masa wuri.

Na sa masa kiɗan goge huɗu mai tafiyar hawainiya,
wanda wani ya rubuta shekara ɗari biyu baya
a garin da kogi ke daskarewa.
Babban gogen ya yi nishi daga ƙirji,
ƙaramin ya hau sama yana lallashi.
Sai layin ya yi kyau.
Nan gabana ya faɗi.
Na tsaya a layin nan, na san bai da kyau.
Na kashe.

Na nemo na rawar ƙosassu,
fiyano na tsalle kamar ɗan akuya bayan ruwa.
Sai takalman suka fara yi wa ido zafi.
Ihlas ta ce, “Malam Tayyib, wannan ai rashin ta-ido ne.”
Na ce, “Haka ranar take.
Gari ya waye tas,
rediyon mai gidan burodi bai yi shiru ba
har bayan ƙarar.”

Na biyu ƙarami ne, tafin hannu biyu.
Sittana, ’yar shekara sha huɗu,
ta zana firji a buɗe da kwallin uwarta
a kan takardar jarrabawar lissafi.
Ba kome ciki sai mabuɗi.
Sarewa guda na ba shi,
wadda ake jin mai busa ta yana jan numfashi.
Don numfashin na zaɓe ta.

Na uku ya fi ƙarfina:
mahaɗar Nilu biyu, duk da lalle,
ba fari, ba shuɗi.
Makaɗa saba’in yake so,
ni kuwa waya gare ni mai tsagaggen gilashi.
Na jefa ta cikin kwanon silba don murya ta ƙaru,
makaɗa saba’in suka dunƙule a inda ake cin ful.

Daren buɗewa, bayan masu takalman ƙwal sun watse,
wani ɗan dako ya shigo, gishiri har gira.
Ya wuce kogin, ya wuce firjin,
ya tsaya gaban buhun.
Ya daɗe.
“Takalman Bakri ne,” ya ce.
“Ni na kai su ɗinki, ga zaren a diddige.”

Ban ga zare ba. Ban musa ba.

Ya ce, “Cire wannan mai tsallen.
Ba ka da wani mai sanyi?”
Na mayar masa da wanda na ƙi,
mai tafiyar hawainiya, mai sa layi ya yi kyau.
Ya zauna a ƙasa, ya cire nasa takalman,
ya jera su kusa da shi.

Wuta ta ɗauke. Cajin waya saura huɗu.
Jirgin ruwa ya yi kuka a waje,
kusan daidai da muryar babban goge,
ya ɗan gaza da kaɗan.
A duhu na ji yatsun hagu
suna danna tsirkiya a damtsena na dama,
ba su manta ko ɗaya ba.